Kafin Ku Buga Katin Bikin Bakin Teku

'Ya'yana, wannan magana taku ce, ku da kuka tashi a Agege da Idi-Araba da Obalende, ko a Nima da Mamobi da Sabon Zongo na Akra, ko a zangon Lome da na Kwatano. Fataucin goro da na shanu ne ya sauko da kakanninku kurmi, ku kuwa kun buɗe ido kun ga teku kusa da ku. Saboda haka ba abin mamaki ba ne da aka fara samun masu son yin liyafar aurensu a kan yashi, iska na kaɗawa, ruwa na gabansu. Ban ga laifin wannan sha'awa ba muddin an tsare mutunci. Abin da ya dame ni shi ne katunan da nake gani. Ana kashe kuɗi a zana musu bishiyar kwakwa da rana tana faɗuwa, a yi rubutu mai lanƙwasa da ruwan zinariya, amma wanda aka miƙa wa katin zai karanta har ƙarshe bai san abin da zai je ya tarar ba. Kuma yawancin waɗanda katin zai isa hannunsu ba mutanen gaɓa ba ne. Gwaggo ce a Katsina, kawu ne a Maraɗi, abokin baba ne a Kantin Kwari, mutanen da da yawansu ba su taɓa taka yashin teku ba.

Kati ɗan aike ne. A da, in an sa rana, mutum ake tasa da ƙullin goro da alawa, ya bi gida-gida, ya durƙusa ya gaida, ya ce wane ne ya aiko ni, ranar kaza za a ɗaura auren wance, a ƙofar gidan wane, bayan an sauko daga Juma'a. In an tambaye shi ta ina ake bi, ya kwatanta. In an ce har da mata ne, ya amsa. Takarda ba ta da bakin amsa tambaya, don haka mai rubuta ta sai ya hango tambayoyin tun kafin a yi su. A bikin gida tambayoyin kaɗan ne, kowa ya san yadda ƙofar gida take. A bakin teku suna da yawa, wasunsu ma sun shafi lafiyar mutane da sallarsu.

Na san inda kuke samo kalmomin. Kuna shiga intanet ku ɗauko katunan da aka rubuta wa mutanen Amurka da Ingila, inda ango da amarya ke magana da bakinsu, suna ce wa baƙi su cire takalma su zo su ga soyayya a gaban igiyar ruwa. A wurinsu wannan ya zauna daidai, domin su biyun ne masu biki, baƙinsu 'yan kaɗan ne, kuma yawancinsu sun san bakin teku tun suna yara. A wurinmu gidaje biyu ne ke aurar da 'ya'yansu, su ne kuma masu gayya. Duk inda za a yi taron, ko a kan yashi ko a kan tabarma, kati da sunan iyaye yake buɗewa: iyalan wane da iyalan wane na farin cikin gayyatar wane. Kada wurin da kuka zaɓa ya sa ku ture wannan. Dattijon da ya ga jikarsa ce ke kiransa da bakinta, babu sunan ɗansa a sama, zai ji wani abu a ransa ko bai furta ba. Ku zauna da manya ku tambayi sunan wa za a fara sawa, domin kowane gida da yadda ya saba. Ku tambayi wanda ke da sarauta, wanda ake ce wa Malam, wanda ake ce wa Alhaji. In mahaifi ya rasu a rubuta marigayi a bi shi da addu'a, sannan kada a manta da baffan da ya riƙe yarinya ya zama waliyyinta. An sha yin shekaru ana gaba a kan suna guda da aka tsallake a kati.

Sai ku raba abu biyu da katunan aro ke cakuɗa su. Ɗaurin aure daban, liyafa daban. Shawarata a bar ɗaurin aure inda aka san shi, a masallaci ko a ƙofar gidan waliyyi, inda wakilin ango zai nema, waliyyi ya bayar, a ambaci sadaki a gaban shaidu, kuma duk wanda ya ji labari ya iya zuwa ya zauna ba tare da wani ya tambaye shi kati ba. Bakin teku a bar shi ga liyafa. In an yi haka, kati biyu za a buga: na ɗaurin aure mai yawa, a raba wa kowa, na bakin teku kaɗan, da sunan kowane mutum a rubuce. 'Yan'uwanmu Hausawa Kirista da za su yi aure a ƙarƙashin dokar aure ta Najeriya su ma su lura: dokar ta tanadi a yi shi a majami'a mai lasisi ko a ofishin rajistar aure, in ba an nemi izini na musamman ba. Kada a rubuta cewa a bakin teku za a ɗaura alhali can taro kawai za a yi.

Yanzu ga wurin da nake so ku fi tsayawa ku saurare ni. Waɗanda suka yi karatun zaure sun san Risala ta Ibn Abi Zaid ta yi umarni da amsa kiran walimar aure, amma ta rataya umarnin ga sharaɗin kada wurin ya zama na sharholiya da abin ƙi a fili. Ma'ana, wanda ka gayyata yana da haƙƙin ya san irin wurin da kake kiransa, domin da wannan sanin ne zai yanke ko zuwa ya hau kansa ko bai hau ba. To ku da kuke zaune a garuruwan nan kun san yadda bakin tekun Elegushi ko na Labadi suke ranar Asabar da yamma. Kiɗa na tashi daga rumfuna ko'ina, ana sayar da giya, ana busa shisha, masu dawakai na zagayawa suna neman mai hawa, masu wanka na yawo da kayan wanka. Ku idonku ya saba, kuna wucewa ba ku gani. Amma ku kawo a zuciya dattijo mai shekara 70 wanda ya yi tafiyar kusan kilomita 1,000 daga Kano, ya sauko daga mota da iyalinsa da 'yan matansa a bayansa, sai ya ga ta cikin wannan ne zai ratsa kafin ya kai rumfarku. Ba zai yi magana ba saboda kara. Zai zauna ya sunkuyar da kai har a tashi, ya koma gida da abin a cikinsa. Wannan kunyar ku kuka jawo masa, kuma layi ɗaya a kati da ya kare shi daga ita.

In wurin keɓaɓɓe ne, da ƙofarsa daban, ku rubuta: wurin a killace yake, mu kaɗai ne a ciki. Amma sai in gaskiya ne, kun je kun gani da idonku a irin ranar da irin lokacin, ba hoton da mai wurin ya turo muku ba. In kuwa za a bi ta cikin jama'a, ku faɗa: za a ratsa wurin shaƙatawar jama'a kafin a iso rumfarmu. In maza da mata wuri ɗaya za su zauna, ko in an raba, a ambata. In akwai makaɗa ko mai saka kiɗa, a ambata. Wanda ya karanta ya ba da uzuri, ku karɓa da hannu biyu, kada ku riƙe shi a zuciya. Ya halarci ɗaurin aure, ya yi addu'a, ya sauke nauyin zumunci.

Lokaci ma a bakin teku ba kamar na gida ba ne. Masu ɗaukar hoto za su ce muku a sa taro daf da faɗuwar rana, don a lokacin ne haske ya fi kyau. Gaskiyarsu. Sai dai lokacin da suke kira na hoto shi ne Magariba, kuma Magariba ba ta jira. A Legas rana kan faɗi wajen ƙarfe 6:25 a farkon Nuwamba, ta kai wajen 7:05 a Yuli. A Akra kuwa tsakanin kusan 5:40 ne da 6:20. Kuma a ƙasashen nan da ke kusa da tsakiyar duniya duhu ba ya jinkiri, minti 20 zuwa 25 bayan faɗuwar rana gari ya rufe. Katin da ya ce ƙarfe biyar, mutane suka iso shida saura, ya haɗa cin abinci da kiran salla da duhu a wuri ɗaya. Gara a fara bayan La'asar kai tsaye, ko ma a yi da hantsi in ba za a sha rana ba, kuma a rubuta lokacin tashi kamar yadda aka rubuta na farawa. Mu ba mu saba sa lokacin tashi a kati ba, amma a nan wajibi ne, saboda direbobi da masu jego da tsofaffi.

Ku sa layi ɗaya a kan salla: an tanadi wurin salla da ruwan alwala, na maza daban, na mata daban. Ruwan teku ana alwala da shi, malamai ba su bar shakka a kan wannan ba, hadisinsa ma yana cikin Muwaɗɗa. Amma ba za ku tura tsohuwa gaban igiyar ruwa da buta ba, ku kawo ruwa a jarkoki. Gaɓar Legas kudu take kallo, alƙibla kuwa gabas ce da karkata zuwa arewa, saboda haka mai salla teku zai kasance ta damansa da ɗan bayansa. A shimfiɗa tabarmin tun kafin baƙi su iso, a danne gefensu da wani abu mai nauyi.

In taron na Gana ne kuma akwai masu zuwa daga Najeriya ko Nijar, a rubuta cewa agogon Gana ake nufi, domin yana bayan na Najeriya da Nijar da awa ɗaya. Haka ma Togo. Sannan a guji rubuta daren kaza. Tsofaffinmu dare suke fara ƙirgawa, daren Juma'a a wurinsu shi ne daren da Alhamis ta wuce za a wayi gari Juma'a, yaran yanzu kuwa wani abu daban suke ji. A ce Asabar da yamma, a sa kwanan watan Bature da lamba. In za a ƙara na Musulunci, a tuna ganin wata na iya matsar da shi da kwana ɗaya.

Shi kansa ruwan tekun yana da lokacinsa, kuma da wata yake tafiya. Sau biyu yake cika ya janye a kowane yini da dare, tsakanin cika da cika kamar awa 12 da minti 25, kullum kuma yana jinkirtawa da kamar minti 50. Abin da wannan ke nufi a aikace shi ne, in ka je duba wuri ranar Asabar ƙarfe huɗu ka ga yashi shimfiɗe da faɗi, Asabar ta gaba a daidai wannan lokaci ruwa na iya kasancewa a cike, filin da ka auna wa kujeru ya ragu. Cikar ta fi ƙarfi a kwanakin tsayuwar wata da kuma wajen 14 da 15 ga wata. Masunta da masu jirage sun san wannan sarai, akwai kuma jadawalinsa a waya. Ku duba shi kafin ku tsayar da awa, ba bayan an buga kati ba.

Damina kuma a gaɓa ba irin tamu ta arewa ba ce. A Legas ruwa kan yi ƙarfi daga Afrilu zuwa Yuli, ya fi tsanani a Yuni, ya ɗan lafa a Agusta, ya dawo a Satumba da Oktoba. Wanda ya sa biki a waɗannan watanni dole katinsa ya faɗi inda za a koma in hadari ya taso, da sunan zauren da adireshinsa. In babu inda za a koma, a sauya wata. Mutanen Akra su kuma su tambayi lokacin da sarakunan ƙabilar Ga ke sa dokar hana kiɗa da hayaniya kafin bikinsu na Homowo. Kusan wata guda take yi, a tsakiyar birni yawanci daga Mayu zuwa Yuni, sauran garuruwan Ga kowanne da nasa lokacin. Ƙasarsu ce, iyayenmu sun zauna lafiya da su a zango ne saboda suna kiyaye irin waɗannan abubuwa.

Kwatancen wuri kada a yi shi a taƙaice. Bakin teku, Lekki, ba adireshi ba ne. Gaɓar doguwa ce, ƙofofinta da yawa, kowace da masu karɓar kuɗinta. A rubuta sunan wurin, da sunan ƙofar da za a shiga, da wani gini ko mahaɗar hanya da direba zai gane. Dattijon da ya yi zaman Ikko shekaru 40 da suka wuce Bar Beach ya sani, kuma Bar Beach yanzu babu shi, an cike wurin da yashi ana gina Eko Atlantic a kai. Ko wuraren da ku kuka sani ba su da tabbas: a ƙarshen Afrilun 2024 aka rushe wurin shaƙatawa na Landmark don aikin babbar hanyar Legas zuwa Kalaba. Don haka a sake tuntuɓar masu wuri daf da kai kati maɗaba'a. Sannan a gaya wa baƙi gaskiyar nisa. Daga Agege zuwa Lekki yawanci sai an haye gadar Third Mainland mai tsawon kusan kilomita 12, a shiga gosulon hanyar Lekki zuwa Epe. In kun ɗauki bas, ku rubuta inda za ta tashi da ƙarfe nawa, wannan ya fi kowace taswira amfani ga baƙon da bai san gari ba.

Akwai wuraren da sai ta jirgin ruwa ake zuwa, irin su Tarkwa Bay da Ilashe. Wannan kada ku kuskura ku ɓoye shi a ƙasan kati da ƙananan baƙaƙe. A sama za a sa shi, a fili: za a shiga jirgin ruwa. Akwai mutanenmu da ko kwale-kwalen fito ba su taɓa shiga ba, akwai masu hawan jini, akwai masu ciki. A faɗi tashar da za a hau, da lokacin jirgin farko, da lokacin na ƙarshe, a tabbatar musu kowa zai samu rigar ceto mai hana nutsewa. Hukumomin ruwa sun hana zirga-zirgar jiragen fasinja da dare, don haka na ƙarshe ya taso da sauran rana. Ni dai in za ku ji tawa, kada ku kai tsofaffi inda sai an ƙetare ruwa. Ku yi can da abokanku wata rana daban.

Maganar sutura tana bukatar lallashi. Ku dubi yadda mace ke shiryawa biki: leshi mai nauyi har ƙasa, ɗauri mai tsayi da aka ɓata rabin awa ana kafa shi, mayafi shara-shara a kafaɗa, takalmi mai tsini. Taku uku za ta yi a yashi tsinin ya nutse har dunduniya, ta kama hannun ta kusa da ita, iska ta ɗage mayafin tana binsa da hannu ɗaya, gefen zanen ya kwashi jiƙaƙƙen yashi. Namiji kuma ya zuba shadda ta sha guga, iska ta shiga cikin babbar rigar ta cika ta, hannu ɗaya na kan hula, laimar gishiri ta kwantar da ƙyallin shaddar kafin a kawo abinci. Ba wanda ya gaya musu. Layi biyu sun isa: wurin yashi ne kuma akwai iska, takalmi marar tsini da mayafi mai ɗan nauyi za su fi daɗin sha'ani. Ku lura da yadda na faɗe shi, shawara ce, ba umarni ba. Kada ku rubuta wa sa'o'in iyayenku su zo ba takalmi, kada kuma ku ɗora wa kowa dole sai farare. Maganar anko da kuɗinsa a yi ta tsakanin ƙawaye, ba a fuskar kati ba, haka ma lambar asusun banki. In kun shimfiɗa katako ko darduma daga mota zuwa rumfa ku faɗa, domin keken marasa lafiya ba ya tafiya a yashi, mai ciwon gwiwa ma da ƙyar.

Sai yara. Bikinmu da yara ake yi, kuma rubuta ba a zo da yara a kati yana yi wa iyaye mata ciwo, suna jin kamar an ce 'ya'yansu ƙazanta ne. Amma tekun Atlantika a wannan gaɓa ba abin wasa ba ne. Igiyarsa na da ƙarfi, in ta bugo ta koma tana janye yashin da ke ƙarƙashin ƙafa, akwai kuma wuraren da ruwa ke komawa ciki da gudu ya tafi da babban mutum ma. Yaron da rafi kawai ya sani ba zai ji tsoronsa ba, uwarsa kuma tana can tana gaisawa da dangi. In za ku hana, ku faɗi dalili, ku kuma buɗe wata ƙofa: saboda wurin bakin ruwa ne muna roƙon a bar ƙananan yara a gida, ranar kaza akwai yinin biki a gida, da su za a yi. Babu uwar da za ta ji haushin wannan. In kuwa za a zo da su, ku ɗauki masu tsaron ruwa, ku rubuta cewa kowace uwa ta riƙe nata.

Haka ƙayyade mutane. A bakin teku kai ake ƙirgawa, a ƙofa da cikin jirgi da wurin mai abinci. Bahaushe kuwa in an gayyace shi yakan taho da ƙaninsa da maƙwabcinsa, kuma a gida wannan alheri ne. Ku rubuta a fili cewa katin na mutum ɗaya ne ko biyu, ku roƙi a sanar da ku kafin ranar kaza ko za a samu zuwa, ku faɗi dalili: domin a tanadi gurbi a mota da kuɗin ƙofa. Mutanenmu ba su saba amsa kati ba, amma in sun ga dalili suna yi. Kuɗin shiga kuwa ku biya, ku rubuta an biya. Abin kunya ne baƙonka ya tsaya a ƙofa yana ciniki da masu gadi. Kuma ku ji tsoron Allah wajen zaɓen sunaye. Buhari da Muslim duk sun kawo hadisin da ya kushe walimar da ake kiran mawadata a bar talakawa. In jerin bakin tekun ya zama na masu mota ne zalla, gwaggon da ta goya ango ba ta ciki, to a sake zama. Walimar gida, wadda ƙofarta ke buɗe ga maƙwabci da almajiri, ita ce asali, kada kuɗinta ya tafi hayar yashi.

Ga yadda nake ganin irin wannan kati zai kasance, ku gyara shi daidai da gidanku:

Iyalan Alhaji Wane da iyalan marigayi Malam Wane, Allah ya jiƙansa,
na farin cikin gayyatar ........
zuwa liyafar auren 'ya'yansu, Wane da Wance,
ranar Asabar, kaza ga watan kaza, daga ƙarfe 4:00 zuwa 6:00 na yamma,
a wuri kaza, bakin teku, ta ƙofa kaza.
Wurin a killace yake. Akwai wurin salla da ruwan alwala.
Yashi ne kuma akwai iska, takalmi marar tsini zai fi.
Bas za ta tashi daga ƙofar gidan amarya ƙarfe 1:00. An biya kuɗin shiga.
In an yi ruwa za a koma zaure kaza.
Katin na mutum biyu ne. Don Allah a sanar da mu zuwanku kafin ranar kaza.
Wanda bai samu zuwa ba ya sa mu a addu'a.

Kun ga ban sa aya a kai ba, da gangan na bari. Kati ƙarshensa ƙasa, a bakin teku ma tun ba a tashi ba iska za ta kwashe wasu ta watsa cikin yashi a tattake su. Ayoyin Alƙur'ani sun fi ƙarfin wannan. A yi addu'a da baki a wurin taro.

Ku rubuta da Hausa. In akwai abokan aiki da maƙwabta da ba sa ji, a sa Turanci ko Faransanci a bayan katin, amma bayanan su zama iri ɗaya, kada a gaya wa masu Turanci maganar jirgi a manta da masu Hausa. Masu buga kati a Shomolu sun iya aiki, sai dai ba lallai ne mai na'urar ya ji Hausa ba, zai iya zubar muku da ƙugiyar ɗ da ƙ da ɓ, ya haɗe kalmomi, ya juya suna. Ku karɓi gwaji guda ku kai wa wani babba ya karanta da ƙarfi a gabanku. Duk inda ya tsaya ya ce ban gane ba, nan ne za a gyara.

Turawa ta WhatsApp ba laifi, yana kai saƙo Damagaram cikin ƙiftawar ido. Ku dai tuna hoto in ya fita hannu kowa zai iya tura wa kowa, don haka na bakin teku a aika wa mutum shi kaɗai da sunansa, ba a zuba shi a zauren dangi ba. Wanda ba ya karatun boko a yi masa saƙon murya, a karanta masa komai dalla-dalla. Iyaye da kakanni da malamai kuwa, zumunta a ƙafa take: a je, ko a tura babba da goro, a zauna a yi musu bayanin wurin baki da baki, a ji ra'ayinsu tun ana iya sauya wani abu. Masu tahowa daga arewa a sanar da su da wuri, wata guda ko fiye, a kuma gaya musu ko akwai masauki da wanda zai tare su a tasha.

Lambar wayar da za a sa a ƙasan kati kada ta zama ta ango ko ta amarya, ranar ba za su ɗaga ba. A nemi ƙani ko aboki mai haƙuri, wanda ya san hanyar, yake jin Hausa da harshen masu gadin ƙofa, a cika masa caji da kuɗin kira, a tsayar da shi a bakin ƙofa da jerin sunaye a hannunsa tun awa ɗaya kafin baƙon farko ya iso.